Shirun Yaya Muktar

Yayana Muktar mahauci ne a babbar kasuwar Garwa, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin ya yi shiru ba. Ba surutu nake nufi ba, surutu ni aka bar wa a gidanmu. Shi yawanci bakinsa a rufe yake, amma daga ƙirjinsa wani ɗan gunji ke fita ƙasa-ƙasa ba tsayawa, yana sara yana yi, yana awo yana yi, yana bisa babur yana yi. Abokan sana'arsa sun sa masa suna Gurup, wato injin ba da wuta, domin in ka tsaya kusa da teburinsa sai ka zaci maƙwabta ne suka tayar da nasu. Bara aka wayi gari ransa ya rataya a kan abu guda, ya kwanta ya yi shiru na ɗan lokaci, abin da kowane jariri ya iya shi kuma bai iya ba.

Ni ce Hassana, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Atamfa nake sayarwa. Ni kaɗai aka sa a lekol, wato makarantar boko, a gidanmu, saboda haka duk wanda zai shiga ofis ko asibiti a dangi sai ya ratayo ni kamar jaka, in juya masa Faransanci.

In ka kai kunne kusa da shi za ka gane ba waƙa yake ba, hailala ce, La ilaha illallah, ya dunƙule ta a maƙogwaro har kalmomin sun narke. Baƙo kan ɗauka wani babban waliyyi ne. Mu da muka san shi dariya muke yi. Yaya ba malami ba ne, karatunsa bai wuce na salla ba. Ƙashi yake cusa wa mutane a cikin awo kamar kowane mahauci, ni kaina bai bar ni ba. In ya je kallon ƙwallo yakan katse hailalar ya zagi alƙalin wasa tas, sa'an nan ya koma inda ya tsaya. Matarsa Fauziya ta ce farkon aurensu gunjin nan ya hana ta sakat, yanzu kuwa in ya yi tafiya gidan sai ya yi mata faɗi. Duk mun ɗauka sabo ne kawai, kamar yadda wani ke kaɗa ƙafa wani ke taunar goro. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya tambaye shi dalili, ni ma da nake taƙama na san shi ciki da bai.

A Mindif aka haife mu, a gindin dutsen nan mai tsini. Babanmu korar shanu yake yi daga kasuwa zuwa kasuwa, na mutane, ba nasa ba. Innarmu ta sha ba mu labarin wani zazzaɓi da ya kwantar da Yaya yana ƙarami, ya fara da ciwon maƙogwaro, daga baya gwiwoyi da idon sawu suka kumbura, ciwon yana tashi daga wannan gaɓa ya koma waccan. Aka yi jiƙe-jiƙe, ya miƙe, kowa ya manta. Da ya fara tasawa sai ya riƙa bin Baba hanya. A wata tafiya zuwa Adumri Baba ya rasu a daji, Yaya ya dawo gida da sandar Baba da hularsa. Ni lokacin ban san komai ba sai cewa gidan ya cika da mutane.

Inna ta kwaso mu zuwa Garwa, unguwar Hausare, wurin wanta mahauci. Nan Yaya ya shiga fawa daga tushe, wankin tumbi da hanji a mayanka, ɗaukar fata, fiɗa, har ya kai ga samun teburin kansa. Ƙato ne, faɗin ƙirjinsa kamar ƙyauren zaure, cinyar sa yake saɓawa a kafaɗa ya ratsa kasuwa ba ya ko nishi. Shi ya tsaya mini a lekol lokacin da kawu ya ce karatun ya isa, shi ya aurar da ni, shi ya je ya ɗauko ni da kayana ran da mijina ya rasu. Bai iya magana mai daɗi ba. In yana son ya ce ya damu da ke, sai ki ga an aiko miki da hanta.

Ni na fara lura da ciwon. Wata rana ina zaune a bencinsa muna jiran la'asar, na ga hularsa tana ɗan rawa, kai yana gyaɗawa kaɗan-kaɗan kamar mai amsa magana, alhali ba wanda ke yi masa magana. Na dubi wuyansa na ga jijiya tana harbawa har daga nesa. Na tambayi Fauziya, ta ce ai ya daɗe ba ya iya kwanciya sai ya tara matasai ya jingina, kuma ya daina ɗaukar cinya, wai kafaɗa ke damunsa. Kafaɗa ba ta hana mutum hawa matakalar masallaci sai ya huta. Na tasa shi gaba da masifa, ya yi biris da ni, na kai ƙara wurin Inna, tsohuwa ta yi masa kuka, sa'an nan ya yarda muka je asibiti.

Likitan zuciyar da muka samu sunansa Dokta Adoum, mutumin Kuseri ne, siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ta zube. Ya saurari ƙirjin Yaya ya daɗe, ya shafa masa wani ruwa mai yauƙi ya leƙa da na'ura, sa'an nan ya ɗauki takarda ya fara zana mana zuciya. Ya ce a bakin babbar jijiyar da ke fitar da jini akwai wani ɗan ƙyaure mai buɗewa jini ya fita, ya rufe kada ya dawo. Na Yaya ya lalace, wataƙila tun zazzaɓin nan na ƙuruciya, ba ya rufuwa sosai, jini yana fita yana komowa, zuciya tana aikin da ta riga ta yi.

Ina cikin juya maganar Yaya ya ɗaga mini hannu. Ya ce ya san su, 'yan fatu ne guda uku sirara kamar aljihu, kullum yana ganinsu in ya tsaga zuciyar sa zai wanke gudan jini. Likita ya yi murmushi ya ce su ne. Ni na ji daɗi ya gane da wuri. Sai daga baya na fahimci ganewar ba ta yi masa sauƙi ba, domin shi ya san ƙanƙantar abin da ransa ke rataye a kai, ya sha taɓa irinsa da yatsa.

Magani ɗaya ne, a canja ƙyauren, aiki ne kuma da ake yi a kudu. Amma likitocin tiyata ba sa buɗe ƙirjin mutum da ƙiyasi. Suna so a gaya musu daidai yawan jinin da ke komawa baya a kowane bugu. In kaɗan ne a yi ta shan magani, in ya yi yawa a yi aiki kafin zuciyar ta saki, domin in ta saki ko an canja ƙyauren ba ta dawowa. Na'urar da aka leƙa da ita ba ta ba da amsa tsayayya ba saboda kaurin ƙirjin Yaya. Sai an shiga babban injin hoto mai maganaɗisu, wanda suke kira IRM, shi ne ke iya auna gudun jinin.

Mai kula da injin wata mata ce, Estelle, Kirista daga duwatsun Mokolo, gajeruwa, mai saurin hannu. Hausarta ta kasuwa ce, ta koye ta a gefen mahaifiyarta mai sayar da dankali, tana haɗa ta da Fillanci da Faransanci yadda ya zo mata. Ta kira Yaya Baba, ta kira ni Mama, duk da ban ga abin da na girme ta da shi ba har haka. Ta sa ya cire zobe da laya da duk abin da ke da ƙarfe, sa'an nan ta yi mana bayanin da har yau nake jin daɗinsa. Ta ce zuciya ba ta tsayawa a ɗauke ta hoto. Injin guntu-guntu yake ɗauka, kowane bugu ya ɗebi kaɗan, daga baya ya haɗa. Don haka dole wani abu ya riƙa gaya masa lokacin da bugu ya fara, kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya, in ɗaya ba ta san lokacin da ɗaya za ta sauke taɓarya ba, sai a yi karo. Yawanci 'yan wayoyi ake mannawa a ƙirji, su tsinci ɗan lantarkin da zuciya ke fitarwa kafin ta buga.

Ta shiga da shi, ni na zauna a benci a waje. Abin da ya faru a ciki daga bakinta na ji daga baya.

Ta aske masa gashin ƙirji, ta manna wayoyin, a waje komai ya tafi daidai. Tana tura shi cikin injin zanen bugun zuciyar da ke kan allo ya rikice. Ashe jini in yana gudu da ƙarfi a cikin maganaɗisu shi ma yakan haifar da wani lantarki na ƙarya, na Yaya kuwa gudu yake na mahaukaci, tun da zuciyar tana turo wanda ya kamata har da wanda ya komo. Injin ya kasa bambance na gaskiya da na ƙarya, yana ƙirga bugu ɗaya a matsayin biyu, wani ya tsallake shi. Ta canja wa wayoyin wuri, ta sake, hoton ya fito dishi-dishi, kuma duk awon da ta yi sai ya ba ta lamba daban. Ta ce irin wannan ba abin da za a aika wa mai wuƙa ba ne.

Akwai hanya ta biyu. Dokta Adoum ya dawo daga wani horo da aron wata 'yar na'ura da suke gwadawa, suna kwatanta ta da wayoyin. Ba komai ba ce illa kan abin sauraren ƙirji irin na likitoci, da dogon bututun roba. A ɗaure shi a kan zuciya, ya riƙa jin bugunta, ƙarar farko ta kowane bugu ita ce ke ce wa injin ya ɗauka. Sauti ba ruwansa da maganaɗisu. Estelle ta ɗaura masa, ta ce ya yi shiru kada ya yi magana, zanen ya fito tsaf. Ta tura shi ciki, ta koma ɗakinta na bayan gilashi, ta tarar zanen ya cakuɗe kamar an watsa wa kaji tsaba. Ta zaci ƙarar injin ce. Ta fito da shi ta gyara ɗaurin, ya yi kyau, ta mayar, ya sake lalacewa tun ma ba ta tayar da injin ba. Sai ta buɗe abin da take jin marar lafiya da shi ta kasa kunne, ta ji gunji.

In tana tsaye a kansa yakan danne, don kunya. Da ta ba da baya ya ga rufin injin ya sauko masa dab da hanci, sai ya ci gaba, baki a rufe gam, a zatonsa tun da leɓe bai motsa ba ba wanda zai sani. Bai san duk abin da ya hana fita ta baki a ƙirji yake taruwa ba, daidai inda aka ɗora kunnen na'urar.

Estelle ta fito da shi ta zaunar a ɗan ɗakin canja kaya, ta kira ni. Ta ce ta roƙe shi, ya ce to, ya kuma sake. Akwai masu jira a bayansa, kuma ba a san ranar da za a karɓi 'yar na'urar a mayar wa masu ita ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na shiga na same shi zaune cikin rigar asibiti wadda ba ta rufe masa gwiwa ba, na buɗe masa wuta. Na ce mutum da jikoki a ce ya kasa abin da ake sa 'yan lekol su yi da tsawa ɗaya. Na ce Inna tana gida tana jan carbi, Fauziya ta kasa cin abinci, shi yana nan yana wasa da ransa. Na ce Allah ba kurma ba ne, in ya yi a zuci ma ana ji. Na faɗi da yawa, har da waɗanda ba su kamata ba. Bai ɗago ba, hannuwansa na kan gwiwa.

Da na gaji na tsaya, sai ya ce, "Hassana, kin san yadda Baba ya rasu?"

Na ce an ce ciwo ne ya kama shi a hanya.

Ya ce haka ne. Suna cikin kora da rana tsaka Baba ya zube a gindin wata tsamiya, baki ya karkace, yana kallonsa yana son magana ta ƙi fita. Shi kuma tsoro ya kama shi, ya sheƙa da gudu wata ruga neman taimako. Kafin su dawo da mutane rai ya yi halinsa. Wani tsoho a cikinsu ya rufe wa Baba ido, ya juyo ya tambayi Yaya ko Baba ya yi kalmar shahada, ko ya laƙƙana masa. Ya ce ba ya nan. Tsohon bai yi masa faɗa ba, kai kawai ya girgiza.

"Na bar shi ya tafi ba kalma a bakinsa, ba kowa a kansa," in ji Yaya. "Tun ran nan na ce ni mutuwa ba za ta same ni shiru ba. Ramin can kuwa, Hassana, faɗinsa ɗaya da na kabari, kuma na san abin da ke cikin ƙirjina. In ta tsaya ina ciki fa?"

Shekara da shekaru muna yi masa dariya, muna kiran sa inji, ashe mutumin gadi yake yi. Na ji kunya, na ji tausayi, na kuma ji haushin tsohon nan da ban sani ba, wanda ya girgiza kai ya koma rugarsa ya manta. Na ce masa malamai sun ce wanda ya rayu a kan kalmar ba a duba ko harshensa ya motsa a ƙarshe. Ya ce ya sani, ya tambaya ba sau ɗaya ba, kansa ya yarda, ƙirjin ne ya ƙi. Dokta Adoum ya leƙo ya kawo zancen maganin kwantar da hankali, ko da yake shi kansa ba ya so saboda yanayin zuciyar. Yaya ya ce wannan ya fi muni, ai barci za a sa shi.

Estelle tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji duka. Sai ta ce a ƙauyensu in ciwo ya ci ƙarfin mutum har ya kasa addu'a, matan coci sukan zo su tsaya a kansa su yi, shi nasa saurare. Ta ce akwai abin toshe kunne da take sa wa marasa lafiya saboda ƙarar injin, ta cikinsa take yi musu magana daga ɗakinta. Abin da ya shiga ta nan kunne yake zuwa, ba ya sauka ƙirji.

Ta dube ni ta ce, "Mama, abin da Baba yake faɗa, ke ma kin iya, ko?"

Na ce wannan ko ɗan yaye ya iya.

Ta juya wurinsa. "Baba, in Mama tana yi, kai kana ji, ba ta tsaya ba har mu gama, za ka iya bar mini ƙirjin? Seɗɗa kawai, kaɗan."

Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kada ki katse. Na san ki da shiga wata magana."

Aka mayar da shi. Aka zaunar da ni a ɗakin bayan gilashi, inda ba na ganin komai nasa sai tafin ƙafafu. Akwai wani maɓalli da sai an danne shi murya ke wucewa, Estelle ta ɗora hannunta na hagu a kai, tana aiki da na dama. Na fara. Muryata ba ta da daɗi, a kasuwa ta gama lalacewa, amma na yi ta a hankali yadda yake yi. Da farko zanen yana nan a cakuɗe, Yaya yana bi na. Sai zanen ya fara lafawa, ya lafa, har ya zama layi mai tsabta da 'yan tudu biyu-biyu, babba da ƙarami, suna zuwa suna wucewa. Wannan ne karo na farko da na ga shirun yayana, kuma ganinsa na yi, ba ji ba. Hawaye suka zubo mini, ban share ba don kada numfashina ya sarƙe.

Injin ya tashi da ƙararsa kamar ana sassaƙa turmi. Na ɗaga murya. A allon gefe wata 'yar da'ira tana yin fari ta koma baƙi, fari ta koma baƙi, daga baya aka ce mini farin shi ne jinin da ke fita, baƙin kuma mai komowa. Estelle ta maimaita awon don ta tabbata, lambobin suka zo kusa da juna. Ba ta ce mini an gama ba sai da ta je ta jawo shi waje ya ga fitilar ɗaki, sa'an nan ta ɗaga mini hannu ta gilashi.

Da muke jiran sakamako na ce wa Dokta Adoum ashe su zubar da wayoyin nan su koma sauraro. Ya ce a'a, ba haka ba ne. Mutane da yawa wayoyin sun wadace su, kuma da wayoyin sun yi aiki a kan Yaya da ya yi ta hailalarsa ba abin da zai lalace, lantarki ba ya jin murya. Kowacce hanya da abin da ke ruɗa ta, shi ya sa suke gwada su gefe da gefe. Na yi ta tunanin wannan a hanyar gida. Da wayoyin sun yi aiki, da mun karɓi lambarmu mun tafi, da har yau ina ce masa Gurup ina dariya.

Sakamakon bai yi daɗi ba. Kusan rabin jinin da zuciyar ke turawa komowa yake yi, kuma zuciyar ta fara saki. Aiki ya zama dole, ba da jimawa ba. Dokta Adoum ba ya ɓoye-ɓoye, ya ce in gaya wa Yaya duka, za a sa shi barci, a zura masa bututu a maƙogwaro, a tsayar da zuciyar ɗungum wani inji ya riƙe jinin, a ɗinka sabon ƙyaure, sa'an nan a tashe ta. Yawanci tana tashi. Na juya maganar kalma bayan kalma. Yaya ya tambaya ko a can ma akwai abin kunnen nan. Likita ya ce babu, ko da akwai ma ba zai ji ba, kuma ba a barin dangi su shiga.

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya koma kasuwa ya ci gaba da zama a teburinsa, abokin aikinsa Idrisa yana sara shi yana karɓar ciniki. Fauziya ta yi kuka, Inna ta yi, ni kuwa na kame bakina, abin da ya ba kowa mamaki. Na ga ba ni da ikon tura mutum cikin abin da ya shafe rayuwarsa yana gudu. Wata safiya ya biyo ta rumfata, ya tsaya yana duba wata atamfa kamar mai saye, ya ce in nemi wanda zai riƙe mini rumfa, ya bar wa Idrisa wuƙaƙensa.

Muka hau mota zuwa Ngawundere, muka shiga jirgin ƙasa zuwa kudu. Ran aikin da hantsi suka zo da gadon turawa. Na bi su har wata ƙofa mai faɗi inda aka ce iyakata ke nan. Gunjin yana nan yana fita, har ma'aikaciyar da ke tura shi tana waige-waige tana neman inda ƙarar take. Ya kama bakin mayafina.

Na ce, "Yaya, ba za ka ji ni ba fa."

Ya ce, "Ba sai na ji ba. Ke dai ki yi."

Ya saki mayafin, ya ja numfashi, ya yi shiru da kansa tun ba a sa masa komai ba. Aka tura shi ƙofar ta rufe.

Na zauna a dandamalin baranda na fara. Mutane suna wucewa suna kallona, wata mata ta ajiye mini ruwa ban taɓa ba, don sha yana nufin tsayawa. Na yi azahar a wurin, ina sallamewa na ɗora. Ban san lokacin da suka tsayar da zuciyar ba, ban san lokacin da suka tashe ta ba, saboda haka ba inda zan iya cewa nan ne zan huta. Wajen la'asar muryar ta fara dishewa, kafin rana ta yi sanyi ta ɗauke gaba ɗaya, sai iska ke fita. Na ci gaba a haka.

Washegari da safe aka bar ni na shiga inda yake, aka sa mini riga da hula da abin rufe baki. Yana kwance cikin wayoyi, bututun yana bakinsa har lokacin, injin gefe yana hura masa numfashi. Ya buɗe ido da ƙyar, na ga tsoro ya taso a cikinsu, yana son ya yi abin da ya saba maƙogwaron a toshe. Idon ya yi ta yawo har ya faɗo kaina. Na buɗe baki in ce masa an gama, ta tashi, ko sauti bai fito ba. Sai na sauke abin rufe bakin da aka sa mini, na matso inda zai gan ni sosai, na ci gaba da motsa leɓena.

Ya kalli bakina na ɗan lokaci. Sa'an nan ya lumshe ido ya koma barci.